Allon roba mai gida-gida da darasin masu raba lamba

Allon nan na 'yan lakwal da ake sayarwa a kasuwar Dole da shagunan kayan karatu na Damagaram fuska biyu gare shi, ɗaya fili, ɗaya mai gida-gida. Yara sun fi rubutu a filin, alhali mai gidajen ce abin nema idan an zo darasin lambobin da ke raba wata lamba ba saura, wato dibizer a bakin mushe, malamin lakwal.

A ba yaro 18, a ce ya cike gida 18 cikin layuka, kada wani layi ya fi wani. Layi 1 ya ci gida 18, layi 2 tara-tara, layi 3 shida-shida. Layi 4 ya bar saura 2, layi 5 ya bar 3, duk sun faɗi. Da ya kai layi 6, a sa shi ya juya allon tsaye ya koma kwance, zai ga na layi 3 ɗin ɗazu ne ya dawo. Nan ake tsayawa, kuma da idonsa ya ga dalili. In ya haɗa yawan layukan da ba su bar saura ba da yawan gidajen kowane layi, ya tashi da 1, 2, 3, 6, 9 da 18. A 13 ko 17, layi ɗaya tal zai samu. Ƙwayar wake ta fi alli sauri a wannan aiki, ana matsar da ita kamar 'ya'yan dara, ba sai an yi ta gogewa ba.

Aibin allon ƙanƙanta ne. Layi ɗaya na 36 ba ya shiga, sai yaro ya manta da 1 da 36, don bai zana su ba. Maganin shi ne a rubuta su a sama tun kafin a fara. A 36 ɗin kuma wasu kan rubuta 6 sau biyu, su ƙirga goma maimakon tara. Lamba ta haura 50, a ajiye allon a koma ga ƙa'ida, kamar ta haɗa jimillar alƙaluman lamba don gane mai rabuwa da 3.

Wajen saye, a ƙirga gidajen tsawonsa, wanda bai kai 20 ba a bar wa mai shi. A shafa alli a gani, roba mai sulɓi ba ta kama shi. Layin fenti kan bi jiƙaƙƙen tsumma, wanda aka tsaga cikin robar shi ke jure wa shekarar karatu.