Kwana a kan aiki ko ɗage ranar fitar da wasan kwamfuta?

Duk ɗan Kano ya san telan da ke kwana a kan keke ana jibi Sallah. Haka ƙanena yake a ɗakinsa na Gyaɗi-Gyaɗi, yana zana wa wani kamfanin wasannin kwamfuta na waje hotuna. Ido ja wur, janareta na ruri har kiran asalatu, tuwon dare ya sandare a kwano.

Idan aiki ya ƙi ƙarewa, hanya biyu ce. Ta farko a matsa wa ma'aikata. A 2020 kamfanin CD Projekt Red na Folan ya tilasta aikin kwana 6 a mako don kammala wasansa na Cyberpunk 2077. Wasan ya fito a Disamba cike da kurakurai, har Sony ta cire shi daga kantinta na PlayStation. Gajiyayyen hannu ai ɓarna yake ƙarawa.

Ta biyu a ɗage. Nintendo, ita ma mai yin wasannin kwamfuta, ta mayar da fitowar wasanta na Animal Crossing daga 2019 zuwa Maris 2020, tana cewa hutun ma'aikata na cikin dalilai. Ɗagewa na cin kuɗi, masu jira su yi ta guna-guni, na yarda. Amma ita nake so wa ƙanena. Jiya Hajiya ta tambaye shi, "Auta, yaushe rabonka da barci?" Sai da ya tsaya lissafi.