Katin X ɗin nasa ashe ado ne

Asabar ɗin da ta wuce ni da ƙanena muka hau trotro daga Nima zuwa Osu a Accra, wani shagon shan shayi da ake zaman Dungeons & Dragons a benensa, wasan teburi da mutum ɗaya ke jan labari, sauran kowa na taka rawar jarumi ɗaya.  Mu biyar ne a teburi, sai mai jan wasan, wani saurayi ɗan Mamobi mai gwamutsa Hausa da Turanci.

Gaskiya yaron ya iya. Taswirar garin nasa da hannu ya zana, har rijiyoyi da ƙofofin ganuwa. In ya yi muryar tsohuwa mai sayar da gishiri sai ka rantse kakarka ce. Kafin a jefa ɗan ludon nan mai fuska 20, ya ajiye kati mai alamar X a tsakiya, ya ce duk wanda wani abu ya sosa wa rai ya taɓa, a wuce wurin. Haka ma John Stavropoulos da ya ƙirƙiro katin ya tsara, ba a tambayarka dalili. Na ce a raina, to, mun zo hannun na gari.

Sai a cikin labarin jan diragon ya sauka a kasuwar garin. Ƙanena rumfarsa ta gwanjo tana cikin waɗanda suka ƙone a gobarar kasuwar Kantamanto a Janairun 2025, dila biyu da ya ci bashi ya saya ko tsinke bai fitar ba. Mai wasa kuwa ya dage yana kwatanta ƙaurin tufafi, da 'yan kasuwa suna tonon toka da hannu. Ina kallon yatsun ƙanena suna rawa a kan takardarsa. Ya miƙa hannu ya taɓa katin.

Mai wasan ya ce, "Haba ɗan'uwa, jan diragon ai wuta yake furzarwa. Wata uku ina gina garin nan, ƙonewar kasuwar ce ginshiƙin labarin."

Na fahimce shi, wallahi. Duniyar da komai ke sauyawa duk lokacin da wani ya ɓata fuska ba ta da daɗin wasa. Amma garin nasa a hamada yake, kuma a dokokin wasan shuɗin diragon ne ɗan hamada, tsawa yake saukewa. Sauya launi kawai, ganuwa ta tsage, labarinsa na nan daram. Da na faɗa masa sai ya yi, amma fuska a murtuke, kamar an ƙwace masa gado. Kafin nan ƙanena ya fita ya zauna a matakala. Na bi shi, ya ce, "Yaya, ki bari kawai."

Da na fara rubutun nan tauraro huɗu na yi niyyar ba mai wasan saboda muryoyin. Yanzu na tuna abin da ya ce muna tattara kaya, wai gaba mu riƙa faɗa masa tun da wuri. Yaushe ya tambaya? Zaman farko na jin abin da kowa ba ya so, ko minti biyar bai yi ba. Biyu zan ba shi, ɗayan ma na taswira ne.

Ƙanena jiya yake tambayata ko za mu koma, wai maharbinsa na cikin wasan ya bar raƙumi ɗaure a ƙofar gari. Ban ba shi amsa ba tukuna.