Turken wani dattijo a hanyar Maigatari: da tsada, amma ba a ɓoye aibi

Duk mai neman ragon layya a yankin Gumel, ina ba shi shawara ya leƙa turken wani dattijo da ke kiwo a bayan gidansa, a wani ƙauye kafin a shiga Maigatari. Ba ya kai dabba kasuwar Alhamis sai wadda ta rage masa, don haka babu dillali, babu la'ada. Ragunansa Balami ne da Uda, sai 'yanƙasa kaɗan, kuma harawa da dusa da kowar wake suke ci. Ba a ɗura musu ruwan kanwa don ciki ya tashi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda yake nuna dabba. Kafin a yi maganar kuɗi zai buɗe bakin rago ka ga haƙora, ya gitta hannu a gaban kowane ido, ya sa yaro ya ja shi gaba da baya ka duba ko yana ɗingishi, sannan ya bankaɗa gashin wuya da na gindin kunne don neman ƙazuwa. Idona ya faɗa kan wani farin Balami mai faɗin ƙirji, na ce, "Baba, wannan fa?" Ya juyo min da kansa, sai ga hakiya ta rufe idon hagu. Ya ce, "Malam, wannan na mahauta ne. Ko ka ninka kuɗin ba zan ba ka shi don Salla ba." A kara, da yamma ana rububi, wa zai tsaya ya nuna maka wannan?

Mun san hadisin Bara'u ɗan Azib ya hana layya da dabbobi huɗu: mai ido ɗaya, maras lafiya, gurguwa da ramammiya. Amma wannan ladabi ya girmi zamaninmu nesa ba kusa ba. Saniyar da aka umarci Banu Isra'ila su yanka a Suratul Baƙara lafiyayya ce, babu tabo a jikinta. A dokar hadayarsu kuma, babi na 22 na Littafin Firistoci, a cikin Attaura, ya jero abin da ba a kai wa bagade, wato wurin miƙa hadaya: makauniyar dabba, mai karaya, mai miki, mai ƙazuwa. Ba a karɓar jaririn dabba sai ya kwana bakwai a wurin uwarsa, ba a kuma yanka uwa da ɗanta rana ɗaya. Har dandaƙaƙƙe ba su miƙawa, alhali mu a wurinmu ya halatta, ko da yake malamanmu na Malikiyya sun fifita wanda ba a dandaƙe ba. Talaka ma ba a rufe masa ƙofa ba, an yarje masa kurciyoyi biyu ko 'yan shila biyu. Abin da ba a yarda da shi ba shi ne mutum ya tsame wanda ya lalace a garkensa ya ce na Allah ne. Ina jin zafin yadda muke yi yanzu: a zaɓi katafaren rago don maƙwabta su gani, ba a ko duba ƙafarsa ba.

Akwai abin gyara. Dattijon ba ya son ciniki mai tsawo, in ka cika tayi sai ya koma kan dusarsa ya bar ka tsaye. Ba ya karɓar tiransifa, kuma hanyar rairayi ce, ƙaramar mota tana iya kafewa. Ba shi da mai kai dabba gida, kai za ka nemi a-kori-kura ko ɗan acaba mai kwando.

Idan ka biya da wuri, yana riƙe maka ragon har jajibirin Salla, ka ƙara kuɗin abinci kawai. Na ga yana shafa wa wanda aka saya shuni a ƙaho, ya rubuta sunan mai shi da ajami a wani ɗan littafi. Masu kyau suna ƙarewa tun watan Zulƙida bai raba ba, don haka a je da wuri, a kuma tafi da igiya.