Gargaɗi ga matasan Zariya kan masu sayar da sakamakon wasa tun kafin a buga

Jama'a, ina roƙon a karanta wannan a kuma isar da shi ga yaranmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Samaru da Sabon Gari da Tudun Wada. Duk lokacin da wata babbar gasa ta kai zagayen sili ɗaya ƙwale, wasu 'yan damfara kan ɓulla a Telegram da WhatsApp, suna cewa an riga an saye wasan, sakamakon yana hannunsu, kuma za su ba duk wanda ya biya kuɗin shiga rukuninsu.

Ɗan ƙanwata, wanda yake koyon gyaran waya a unguwar PZ da ke Zariya, ya faɗa hannunsu lokacin gasar cin kofin Afirka da aka yi a Kwaddibuwa. Kafin wasan daf da na ƙarshe tsakanin Najeriya da Afirka ta Kudu, ranar 7 ga Fabrairun 2024, ya tura wa wani mutum da bai taɓa gani ba naira dubu goma sha biyar, aka ce masa Najeriya ce za ta yi nasara. Ya kwashi kuɗin maigidansa ya zuba a caca. Minti 90 suka cika ana kunnen doki, ɗaya da ɗaya, sai a bugun fenariti Najeriya ta wuce da ci 4 da 2. Gari ya ɗauki murna, shi kuwa kuɗinsa sun tafi, domin zaɓin nasara ko canjaras da aka saba yi a gidajen caca yana ƙarewa ne a minti 90 da mintunan da alƙali ya ƙara. Ƙarin lokaci da fenariti ba sa cikin lissafi.

Wannan ƙa'ida ita ce mafakar ɗan damfarar. Da yaron ya koma masa, sai ya amsa da cewa: "Ai na faɗa maka Najeriya za ta ci, kuma ta ci, kai ne ba ka iya sakawa ba." Nan take ya nemi ninkin kuɗin farko don wasan ƙarshe, wai yaron ya mayar da asararsa. Allah ya sa maigidan ya lura da giɓin da ke cikin cinikinsa kafin a sake turawa.

Dabarar ba ta buƙatar sanin ƙwallo. A minti 90 sakamako uku ne kawai zai iya fitowa, saboda haka mutumin yakan raba waɗanda suka biya shi gida uku, ya ba kowane rukuni nasa daban. Dole ɗaya ya dace. Su ne za su riƙa yi masa talla da rantsuwa, alhali sauran ya toshe lambobinsu tun a daren. Hotunan tikitin nasara da yake yaɗawa kuwa, a waya ake haɗa su cikin 'yan mintuna. Tambayar da na yi wa yaron ita ce: wanda ya san yadda wasa zai ƙare, me zai yi da dubu goma sha biyar ɗinka, bai zuba nasa kuɗin ya kwashi miliyoyi ba? Shiru ya yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne kunya ce ke kare waɗannan mutane. Yaro ya san caca haramun ce, aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa ta da giya, don haka ya gwammace ya haɗiye asararsa da iyayensa su ji. Iyaye da iyayen gida, idan yaro ya zo da irin wannan magana, a saurare shi kafin a yi masa faɗa. A adana saƙonnin da lambar asusun da aka tura kuɗin da rasit ɗin POS, a sanar da banki a ranar, sannan a kai ƙara ga 'yan sanda ko ofishin EFCC da ke Kaduna.