Yaya, ga abin da na gani game da injinan aiki a Jidda

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kowa lafiya, ya jikin Inna?

Ka ce in duba maka kayan aiki tunda ginin ya kai linta. Na zagaya shaguna har da SACO, babban shagon kayan aiki na nan, na kuma tambayi magina 'yan Masar da muke aiki tare. Shawarata, abu biyu za mu fara saya: injin huda bango da giranda, wato injin yanka ƙarfe da tayil.

Injin huda bangon nan Larabawa Hilti suke ce masa, ko da na wane kamfani ne, kamar yadda muke kiran kowane garin wanki Omo. Kada ka haɗa shi da ƙaramin dirila na kafinta. Wannan yana juyawa yana kuma duka, bakinsa irin wanda ake kira SDS. Ranar da na fara riƙe shi, na ɗora a kan ginshiƙin kankare, kafin in gyara tsayuwa ƙura ta zubo min a takalmi, rami ya fito. Sai na tuna yadda muka yini da kurfi da guduma a ɗakin Baba saboda bututun waya ɗaya, har tafin hannunka ya yi kanta. Giranda kuwa "sarukh" suke kiranta, wato roka, saboda ƙararta. Mai faifai milimita 115 ta ishe mu yankan rodi da tayil. Don Allah kada a bar yara su cire mata murfin kariya, faifan idan ya fashe ba ya tsayawa a wuri ɗaya.

Inda na daɗe ina tunani shi ne wuta. Nan ba a ɗaukewa, shi ya sa mai waya ya fi araha kuma ya wadatar. A gida sai da janareto. Mai batir ya fi dacewa da mu, amma batirin Makita ba ya shiga Bosch, don haka kamfani ɗaya za mu riƙe. Ka leƙa Kofar Ruwa da Sabon Gari tukuna, ka ga wanda ake samun batirinsa da gawayin da ke cikin injinsa. Nan rasit kawai za ka nuna a gyara maka a kan garanti, amma garantin ba zai biyo ni Kano ba.

Wutar Saudiyya hez 60 ce, tamu 50 (hez shi ne ma'aunin saurin jujjuyawar wutar lantarki). Giranda da injin huda ba ruwansu da wannan, amma famfon ruwa da kwamfiresa za su rage gudu, suna iya ɗaukar zafi. Waɗannan a gida za ka saya. Ga harajin kashi 15 cikin ɗari a kan kaya a nan Saudiyya, saboda haka ka turo min farashin can in kwatanta.

Batir ba a saka shi cikin babbar jaka a jirgi, a hannu zan riƙo guda biyu idan zan taho bayan Babbar Sallah, in Allah ya yarda. A gaida su Umma da yara.