Kai iyali tsoffin fadoji a Ingila: kuɗin da ake biya da abin da ake tararwa

'Yan'uwa da ke shirin zuwa Ingila da iyali sukan tambayi inda ake kai yara ranar hutu. Tsoffin fadoji da manyan gidajen sarakai da majami'u suna nan birjik. Sai dai kafin mai gida ya tayar da mota, ya fara binciken wanda ke riƙe da wurin, don wannan ne ke nuna ko aljihu zai sha da sauƙi ko zai ji jiki.

Ƙungiyar National Trust, wadda aka kafa a 1895, tana kula da wurare sama da 500, da yawansu gidajen attajirai da masu sarautar da, haɗe da lambunansu. English Heritage na da sama da 400, galibi kufai da ganuwoyin dutse, irin fadar Dover da ke bakin teku tana fuskantar Faransa. Kowacce na sayar da katin shekara, kuma galibi katin wannan ba ya buɗe ƙofar waccan. Nan baƙi ke yin asara. Wasu shahararrun wuraren ma ba na ko ɗayansu ba ne. Gidan Chatsworth, da kuma fadar Blenheim inda aka haifi Winston Churchill a 1874, suna da nasu tikitin daban. Fadar Warwick, da Sarki William Mai Nasara ya fara ginawa a 1068, kamfanin Merlin ke gudanar da ita, kuma tikitinta ya fi araha idan an saya ta intanet tun kafin ranar. (Turawa ba sa furta "w" ɗin tsakiya, "Worik" suke cewa, kada direba ya rasa inda ake nufi.)

Ga mai yara da yawa, katin English Heritage ya fi riba, domin kowane babba mai kati yana shiga da yara har shida 'yan ƙasa da shekara 18 kyauta. Amfanin na National Trust kuwa wurin ajiye mota ne, mai kati ba ya biya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, don gidajen suna can ƙauye inda bas ba ta cika zuwa ba, balle ranar Lahadi. Wanda zai bi jirgin ƙasa ya sayi katin Family & Friends: ana rage wa manya kashi ɗaya cikin uku, yara kashi 60 cikin 100, 'yan ƙasa da shekara biyar kuwa ba sa biya.

Fadar Windsor tana rufe Talata da Laraba. Cocin St George da ke cikinta, inda aka binne Sarauniya Elizabeth a 2022, ba ya karɓar masu yawon kallo ranar Lahadi saboda ibada. Tikitin Windsor da aka saya kai tsaye daga masu kula da fadar ana iya mayar da shi na shekara guda ba tare da ƙarin kuɗi ba. Tsohuwar fadar da ake kira Hasumiyar Landan (Tower of London) kuwa tikitin babba ɗaya ya haura fam 30, a lissafa da kyau kafin a ɗebi gida duka. A bakin ƙofa za a iya tambayarka batun Gift Aid. Tsari ne da ƙungiya ke karɓo ƙarin kashi 25 cikin 100 daga gwamnati a kan abin da ka bayar, kuma na mai biyan haraji a Birtaniya ne kawai. Baƙo mai bizar ziyara ya ce a'a.

Manyan majami'u irin Westminster Abbey da St Paul da York Minster suna karɓar kuɗin shiga daga mai kallo, amma ba sa karɓa daga mai zuwa ibada. Ƙananan cocin ƙauye kyauta ne, da akwatin taimako a gefen ƙofa. Ba a cire takalmi, ba a hana mai hijabi, maza dai su kan cire hular Turawa. Hasumiyar cocin York Minster tana da matakala 275, ƙuntatacciya mai murɗewa, ba ta dattijo mai ciwon gwiwa ba ce.

Wanda ya san Gidan Makama a Kano ko hasumiyar Gobarau a Katsina zai ga bambanci nan take. Namu ginin ƙasa ne, kowace damina tana cin rabonta, sai an yi ta yaɓe. Nasu dutse ne, amma shi ma yana cin kuɗi wajen rufi da magudanar ruwa, kuma daga tikiti da shayi da kantin tsaraba ake samo su. Shi ya sa hanyar fita kusan kullum ta cikin kanti take bi, a riƙe hannun yara. Masu bayani a ɗakuna yawanci tsofaffi ne 'yan sa kai, ba a ba su goro, kuma suna jin daɗin tambaya. Abin da babu a yawancinsu shi ne rai irin na Gidan Rumfa, inda sarki ke zaune, dogarai na kai da kawo. Yawancin nasu ɗakuna ne da igiya a gitte, kujera ba a zama, gado ba a taɓawa.

Abinci a tafi da shi daga gida. Ana barin cin abinci a kan ciyawa, ba a cikin gidan ba. A wurin shan shayi naman alade yana cikin burodi da yawa, a nemi mai alamar V (wanda babu nama a ciki), ko a tsaya a burodin scone da jam. Banɗaki tsaf yake amma babu buta, a sa gora a jaka. Ɗakin salla da wuya a samu, darduma da gefen lambu sun wadatar. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, azahar da la'asar da magariba duk suna iya riskar ku a can.

Keken jariri ba ya shiga yawancin gidajen saboda tsohon daɓe da matakala, gara a goya. Gidaje da dama na National Trust suna rufe ɗakunansu daga Nuwamba zuwa wajen Maris, lambu kawai ake bari a buɗe, don haka a duba shafinsu da safe. A watan Satumba kuma akwai kwanakin Heritage Open Days, lokacin da wurare masu yawa ke buɗewa kyauta, wasunsu sai an yi rajista tun da wuri saboda gurbi na cika.