Hamingbad na Ohayo da na Kolorado: me ya sa wani ya ɗauke ƙafa, wani ya cika gida?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure, mazaunin jihar Ohayo ta Amurka, ya ce ya rataye kwalbar ruwan sukari a bayan gidansa tun farkon Mayu, tsuntsayen hamingbad, wato 'yan ƙananan tsuntsaye masu shan ruwan zaƙin furanni, suka yi ta zuwa, amma da Yuni ya kama sai suka ɗauke ƙafa, alhali ƙaninsa da ke Kolorado yana ba shi labarin cewa a Yuli tasa kwalbar ba ta kwana da ruwa saboda yawansu. Yana son ya san ko na wajensa ƙarewa suke yi.

Malam, kai da ƙaninka ba tsuntsu iri ɗaya kuke kallo ba, kuma ba a mataki ɗaya na tafiyarsu kuke ganinsu ba. Hamingbad a nahiyoyin Amurka kaɗai yake rayuwa, wanda muke gani a gida yana shan furanni sha-kauci ne, kuma danginsu daban. Naka na Ohayo shi ne mai jan maƙogwaro, wanda kusan shi kaɗai ne ke hayayyafa a gabashin Amurka da kudancin Kanada. Wanda ya cika wa ƙaninka gida kuwa, bisa watan da ya ambata, rufus ne, mai launin jar ƙasa, wanda ba ya yin sheƙa a Kolorado, wucewa kawai yake yi.

Mai jan maƙogwaro yana cin hunturunsa ne a kudancin Meziko da Amurka ta Tsakiya. Yakan iso gaɓar kudancin Amurka a watan Maris, ya hauro arewa a hankali har ya kai Ohayo a ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, maza a gaba, mata a baya. Cunkoson da ka gani a Mayu na baƙi ne masu yunwa, waɗansunsu ma Kanada suka nufa, kuma a lokacin furanni ba su gama buɗewa ba, don haka kwalbarka ta zama abin dogaro. A Yuni al'amari yakan sauya. Macen ita kaɗai ke gina sheƙa, ta saka ƙwai biyu, ta kwanta a kansu kusan mako biyu, sannan ta yi kusan mako uku tana ciyar da 'ya'yan, kuma abincin da suke bukata don su girma ƙananan ƙwari ne da gizo-gizo, waɗanda ruwan sukari ba ya maye gurbinsu. Namijin kuma ya kama yankinsa yana korar duk wanda ya raɓe shi, ta yadda kwalba guda za ta iya zama mallakin tsuntsu guda. Ga furannin daji sun wadata. Saboda haka tsuntsayen suna nan kusa da kai, aikin gabansu ne ya ɗauke su.

Ka saurari Agusta da farkon Satumba, lokacin da 'ya'yan bana za su fito, kuma na arewa za su biyo ta kanka suna komawa kudu. A wannan lokaci suna ci ba ƙaƙƙautawa, domin tsuntsun da nauyinsa bai wuce giram 3 da 'yan kai ba yakan tara kitse har ya kusa ninka nauyinsa. Da yawansu sukan ratsa mashigin tekun Meziko, tafiyar kusan kilomita 800 ba tare da sauka ba, waɗansu kuma su bi gaɓar Tekzas, inda garin Rokfot ke shirya bikin kallonsu a kowane Satumba.

Tafiyar rufus ta fi wannan tsawo, kuma zagaye ce. Yana barin Meziko tun hunturu bai gama fita ba, ya bi gaɓar tekun Fasifik zuwa Oregon da Washinton da yammacin Kanada har kudancin Alaska, inda babu wani hamingbad da ke hayayyafa arewa da shi, kuma mai zuwa ƙarshen zangon yakan yi kimanin kilomita 6,000. Da ya tashi komawa sai ya sauya hanya, ya bi duwatsun Roki a Yuli da Agusta, daidai lokacin da furannin kan tudu ke buɗewa, kamar yadda makiyayi ke bin ciyawa inda ruwa ya sauka. Wannan ne ya sa ƙaninka da wuya ya gan shi a Mayu, sai a Yuli ya faɗo masa kwatsam. Rufus kuma mafaɗaci ne na gaske. Yakan zauna a reshe kusa da kwalba, ya baje gashin wutsiya, ya kai wa wani nau'in hamingbad da ake kira mai faɗin wutsiya, wanda shi ne ɗan gida a Kolorado, farmaki har ya kore shi, bayan ɗan lokaci ya wuce wani ya maye gurbinsa. Yawan da ƙaninka ke gani na matafiya ne da ke canja juna.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, idan ana maganar ƙarewa, tsuntsun ƙaninka ne abin damuwa. Ƙidayar tsuntsaye masu hayayyafa da ake yi kowace shekara a Arewacin Amurka tun 1966 ta nuna cewa rufus ya ragu da fiye da rabi daga 1970, kuma a 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta saka shi cikin jerin waɗanda ke dab da shiga haɗari. Mai jan maƙogwaro kuwa yana cikin rukunin waɗanda ba a fargabar ɓacewarsu. A ganina kwalbar bayan gida ba ma'auni ba ce, tunda maƙwabci ya rataye tasa, ko ruwan sama ya wadata furanni, duk suna iya rage maka baƙi ba tare da tsuntsu ko ɗaya ya mutu ba.

Abu ɗaya da ke hannunka shi ne ingancin ruwan. Ana haɗa awo ɗaya na farin sukari da awo huɗu na ruwa, ba a saka zuma, ba a saka jan launi, kuma idan ana zafi a zubar a wanke kwalbar duk kwana biyu ko uku, domin ruwan da ya yi tsami yana korarsu. Idan namiji ɗaya ya mamaye ta, ka rataye ta biyu a inda ba zai iya hangen duka biyun ba. Kada kuma ka sauke ta a Satumba don tsoron hana su tafiya, domin gajartar yini ce ke tashinsu, kuma masu zuwa a makare har cikin Oktoba sun fi kowa bukatarta.